Kafso a Gulbin Rima: me maganin ƙwayoyin cuta ke yi wa 'ya'yan kifi?

Ta yaya maganin da aka sha a gida zai kai gulbi?

Jiki ba ya cinye magani duka. Gwargwadon irinsa, kashi 30 zuwa 90 cikin ɗari na fita ta fitsari da bayan gida da sauran ƙarfinsa, ko mutum ne ya sha, ko saniya, ko kaza. To lissafa Flagyl da Septrin da kafso ja-da-yalo da ake saye a kemis ba takardar likita. Ƙara da allurar da makiyayi ke tsira wa saniyarsa da kansa, da garin maganin da ake kaɗa wa kajin gidan gona a ruwan sha, da dattin mayanka. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu: kwatocin Sakkwato fadama suke gangarawa, fadama ta miƙa wa gulbi.

An taɓa aunawa, ko zato ne?

An auna. A 2019 masana daga Jami'ar York ta Ingila sun gwada ruwan koguna a wurare 711 cikin ƙasashe 72, suka sami irin waɗannan magunguna a kashi 65 cikin ɗari na wuraren. A wani wuri a Bangladesh, sinadarin da ke cikin Flagyl ya ninka adadin da ake ganin ba shi da haɗari sau 300. Nijeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi muni, tare da Kenya da Ghana da Pakistan.

Ai kifi ba ƙwayar cuta ba ne, me zai same shi?

Babbar tarwaɗa tana da juriya. Matsalar tana ga ƙwai da 'ya'ya. Ƙwan tarwaɗa na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, abin da ya fito bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana jan 'yar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki, ita ce abincinsa na kwana uku zuwa huɗu. A waɗannan kwanaki ake ginin ƙashin baya da zuciya da hanji, fatarsa kuma ba ta tare komai.

Gwaje-gwaje a kan wani ɗan ƙaramin kifi mai zane da masana ke kiwo don bincike sun nuna cewa dangin ja-da-yalo na jinkirta ƙyanƙyasa, su rage tsawon jiki, su kumbura jakar gwaiduwa. Maganin yana manne wa ƙashi ya zauna, har masana kan yi amfani da shi su sa wa kifi alama. Dangin allurar jentamaisin kuma suna kashe 'yan gasun da ke jere a gefen jikin kifi, waɗanda da su yake jin motsin ruwa. Ɗan kifin da bai ji giwan ruwa na tafe ba, ai labarinsa ya ƙare. Akwai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinsa, masu taya shi narka abinci. Magani ba ya tambayar wane ne aboki. Gaskiya dai, yawancin gwaje-gwajen nan da magani mai yawa ake yin su, fiye da abin da ake samu a gulbi. Shi ya sa ba za ka ga kifi ya taso matacce a Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, ba. Illar a hankali take ci, kifi ya tashi tsamurarre.

Wane lokaci ya fi haɗari?

Farkon damina. Kashin dabbobi da dattin da suka taru tun kaka, ruwan farko ke kwashe su ya zuba a fadama, daidai lokacin da tarwaɗa ke haurowa cikin ciyawa tana zuba ƙwai. Da bazara ma gulbi ya janye, ruwan kwata bai ragu ba, sai maganin ya yi kauri.

Mai cin kifin fa?

Nan abin tsoron ba guba ba ne. Ƙwayoyin cuta da suka daɗe cikin ruwa mai ɗan magani sukan saba da shi, su daina jin sa, su dawo mana ta ruwan sha da lambun fadama. A 2019 irin waɗannan cututtuka marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Mai kiwon tarwaɗa da ya zuba magani a tafkinsa, ya duba jikin kwali: akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a kai kifin kasuwa, suya ko banda ba sa kawar da ragowar duka.