Kunkuru, damo ko mesa: wanne mai fara kiwo zai ɗauka a ƙauye?

Tunda waya ta shiga hannun kowa samarinmu ke kallon bidiyon Turawa suna ajiye ƙadangaru da macizai a akwatin gilashi, har da sa musu suna, to shi ne wasu suka fara sha'awar abin. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsa gwargwadon yadda abin zai yiwu a gidajenmu na karkarar Kano da Jigawa.

Wai dama ana kiwon masu jan ciki ne, ko dai harkar masu asiri ce?

Ana yi mana, kuma ba yau aka fara ba. Tun muna yara akwai gidajen da in ka shiga za ka tarar da kunkuru yana yawonsa a tsakar gida tare da kaji, wasu don sha'awa, wasu kuma da wata manufa tasu ta gargajiya, wannan tsakaninsu da Allah. Abin da ya zo sabo shi ne akwatin gilashi da fitilu da sayen dabba daga wata ƙasa.

Waɗanda ake cewa sun fi sauƙi a YouTube fa, ba sai in nemi irinsu ba?

Ɗan'uwa, wancan lissafin ba da kai aka yi shi ba. Guda uku zuwa huɗu suke ta maimaitawa: wata tsaka mai ɗigo-ɗigo da asalinta Pakistan da Afganistan ne, da ƙadangaren Ostireliya mai gemu, da wani siririn macijin Amurka marar dafi, sai ƙaramar mesa mai dunƙulewa. Sauƙinsu a can ne, inda wuta ba ta ɗaukewa, akwai shagon da ke sayar da gyare da tsutsa masu rai, akwai ɓeraye a firiza. Kai da a garinku a kan yi sati ba a ga wutar NEPA ba, cajin waya ma sai an kai wajen mai sola, da me za ka kunna fitilar ɗumi kullum? Ita kuwa tsaka ma bar ta kawai, akwai hadisi ingantacce da ya yi umarni da kashe ta, ga tsanar da mutanenmu suke mata, ranar da Inna ta gan ta a ɗakinka da takalmi za ta gama da ita kafin ka yi bayani.

Amma akwai inda muka fi su. Waɗannan halittu jikinsu ba ya haɗa ɗumin kansa, da rana suke dogara, kuma hasken rana ne ke sa fatarsu ta samar da bitamin D wanda da shi jiki ke tsotsar sinadarin kalsiyam ya gina ƙashi da ƙoƙo. Bature da kuɗi yake sayen fitilar da ke kwaikwayon wannan haske, mu kuma kyauta Allah ya ba mu. Sharaɗi ɗaya ne, gilashin taga yana tare wannan hasken, dole dabba ta fita rana da kanta.

To a taƙaice wanne zan fara da shi?

Kunkuru. Amma tsaya tukuna ka ji sauran, don ba kowane gida ne zai iya ɗaukarsa ba.

Dalilin zaɓarsa a fili yake: ba shi da dafi, ba ya bin mutum da cizo, ciyawa yake ci, kuma ɗan ƙasa ne, yanayinmu shi ne nasa. Babban kunkurun Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal har Habasha, ya saba da zafin Afrilu da ake haura digiri 40 da kuma dogon rani. Kiwonsa ya fi kama da na akuya, fili da ciyawa da inuwa da ruwa.

Matsalar ita ce girma da shekaru. Jaririn da ka ɗora a tafin hannu, wanda bai fi santimita 5 ba, in ya girma shi ne kunkurun tudu na uku a girma a duk duniya, waɗanda suka fi shi biyun nan na tsibirai ne, Galapagos da Aldabra. Namiji kan haura kilo 50 cikin sauƙi, wasu su doshi 90, kuma yana iya shekara 70 ko fiye. Kenan in kana da shekara ashirin yau, akwai yiwuwar shi zai ga bayanka, sai ka tambayi kanka wa zai riƙe shi in ka tafi Legas ci-rani ko ka koma haya a Kano ɗaki ɗaya. Ga shi da haƙa, rami yake yi mai zurfi don ya tsere wa zafi, in ya samu gindin katangar ƙasa nan zai dosa, damina na zuwa ruwa ya shiga ramin katanga ta zauna, kai da Baba ku yi ta. Dangar kara ko zana kuwa ture ta yake ya wuce gonar maƙwabci.

Akwai wani ƙarami da bai cika wuce santimita 20 da 'yan kai ba, za ka gane shi da wata gaɓa a bayan ƙoƙonsa da yake rufe ƙafafun baya da ita. Shi bai da matsalar girma amma ya fi son laima da inuwa, kuma ba ganye kaɗai yake ci ba, har da katantanwa da ƙwari da tana. Ka tabbatar wanne aka ba ka kafin ka shirya masa abinci.

Me zan dinga ba shi? Na ga wasu tuwo suke zuba masa.

Nan ne ake kashe su a hankali ba a sani ba. Kunkuru zai ci tuwo, zai ci shinkafa da burodi da dusa, ba ya cewa a'a, amma cikinsa na ciyawa ne. Mafi yawan abincin babban kunkuru ya zama ciyawa, ɗanya da damina, busasshiya da rani, sai ka ƙara da ganye irin su yakuwa, rama, lalo, zogale, ganyen dankalin Hausa, ɗan yankan kabewa jefi-jefi. Harawa kaɗan kawai saboda ta yi wa cikinsa ƙarfi da yawa, nama kuwa babu shi sam, kankana da mangwaro sai dai a ɗanɗana masa don suna sa shi zawo. Ka wanke ɓawon ƙwai ka shanya ka daka ya yi laushi, ka riƙa barbaɗa masa a ganye kamar sau biyu a sati. Wanda aka tashe shi da abincin mutane a ɗaki ba rana ba ruwa za ka ga ƙoƙon ya yi tudu-tudu ko ya yi taushi in ka danna, kuma tudun nan ba ya komawa.

Abu biyu na ƙauye da babu Baturen da zai gaya maka. Na ɗaya maganin feshi, yanzu kusan kowace gona ana fesa maganin ciyawa, kar ka yanko masa a gefen gonar da ba ka san ranar da aka yi feshi ba. Na biyu leda. Ledar fiya wata da ta alawa da iska ke shigowa da su tsakar gida haɗiyewa yake, ta toshe masa hanji.

Gaskiya ne ba ya shan ruwa?

Ƙarya ce. Yana jure ƙishi, amma yana sha. Ka binne masa faranti mai faɗi marar zurfi daidai da ƙasa yadda zai shiga ya fita. Jariri kuma ka riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗan ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na minti goma zuwa sha biyar, don shi saurin bushewa yake. Ba ya iyo, in ya faɗa rijiya ko kududdufi ya tafi.

A ina zan ajiye shi, ko in huda ƙoƙon in ɗaure da igiya yadda ake yi?

Don Allah kar ka yi. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a haɗe suke da shi, akwai jini akwai jijiya, yana jin ƙusar nan sarai, rashin murya ce ta hana shi ihu. Kewaye masa wuri da bulo biyu ko uku a tsaye, ka nutsa na ƙasan a cikin ƙasa, nesa da katanga da masai, rabi rana rabi inuwa. Jaririn da aka bari a roba a tsakiyar rana cikin bazara ba ya kai la'asar, haka wanda ya kife a bayansa ba wanda ya gani. Shirwa, hankaka, gafiya da kare duk suna ɗaukar ƙarami, sai ka rufa masa waya a sama. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu da dare ke yin sanyi sosai, ka sa masa tarin busasshiyar ciyawa a ɗan akurki ya shige.

Damo fa, ba shi ne sarkin haƙuri ba?

Kirari ne, je ka kama shi ka gani. Yana cizo, yana yakushi, yana bulala da jela. A daji abincinsa fara da ƙadandoniya da buzuzu da katantanwa har da kunama, da damina yake cika cikinsa, rani na yi ya ɓuya ya daina ci. A gida kuwa mutane ƙwai da nama suke ɗura masa duk shekara, ya yi ƙiba hanta ta lalace. Guza ta fi shi ma, tana kai mita biyu, kuma 'yan tsakin Inna da ƙwan zabi ne za su fara ƙarewa.

Hawainiya abar tausayi ce a hannun mai koyo. Ba ta cika shan ruwa a kwano ba sai raɓa a kan ganye, ba ta cin ƙwaro sai mai motsi, yawan taɓawa ma ciwo yake sa mata, shi ya sa wadda yara suka kamo ba ta daɗewa. Kififiya ana iya riƙe ta amma kifi da nama take ci, ruwanta na wari da wuri, in rijiyarku da nisa za ka gaji. Ƙadangare kuwa ga jan gwada nan a katanga kyauta yana ta gyaɗa maka kai, me zai sa ka kulle shi?

Ni fa maciji nake so, mesa ba ta da dafi ai.

Haka ne, ba ta da dafi. Ƙaramar mesa mai dunƙulewa ma 'yar Afirka ta Yamma ce, daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba kuma tana shekara 20 zuwa 30. Amma duk da haka ba zan ba mai farawa shawararta a ƙauye ba. Ɓera za ka riƙa nema mata, kuma ɓeran gida sau da yawa ya ci shinkafar ɓera. Macizai gwanayen tserewa ne, ranar da ta ɓulla a ɗakin amaryar maƙwabta sai an kai ka gaban mai gari. Sannan wanda zai kawo maka ita daga daji zai iya kawo jaririyar babbar mesa mai haura mita huɗu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro ya ga gardi yana wasa da maciji a kasuwa ya ce shi ma bari ya kamo nasa. Kasa gajera ce mai kauri da zane, wanda bai sani ba sai ya ɗauka 'yar mesa ce. Kububuwa ba ta da wani girma amma dafinta hana jini daskarewa yake, ita ta fi kashe manoma a arewa, saboda irinta ne asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba ya rabuwa da marasa lafiya lokacin noma. In an yi sara ba ɗauri ba tsaga ba tsotsa, a nufi asibiti. In gamsheƙa ta yi tofi a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Akwai cutar da ake ɗauka a jikinsu?

Akwai, kuma har da kunkurun. Kusan duk masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ba tare da ta dame su ba, a mutum kuma zawo da zazzaɓi take sawa. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci huɗu ba tun 1975, yara ne ke sa su a baki. Mu da yaranmu ke rarrafe a ƙasa ɗaya da dabbobi, sai a ware wurinsa daga madafa da wajen wanke-wanke, a wanke hannu da sabulu, 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su kalla daga nesa.

A ina zan samo, kuma ya zan gane mai lafiya?

Nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida. Mace ɗaya kan yi ƙwai 15 zuwa 30 a zubi guda, don haka mai namiji da mace yakan rasa yadda zai yi da 'ya'yan. Kar ka sa mafarauci ya kamo maka, babban kunkurun nan yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a daji, kuma Najeriya na da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016. Ɗaga shi ka ji nauyi, ido a buɗe garau, hanci ba kumfa ba majina, ƙoƙo ba tsagewa, in ka ajiye shi ya ɗaga jikinsa ya taka ba jan ciki ba. Ɗaya ya isa, maza biyu faɗa suke har ɗaya ya kifar da ɗaya.

Duba hammatarsa da gindin jela ko akwai kaska, in akwai cire da hannu a hankali. Kuma ko wa ya ba ka shawara kar ka yi masa allurar ivermectin ɗin nan da ake wa awaki da tumaki, ga kunkuru guba ce, shanye masa jiki take ta kashe shi. In ka kai shi wajen malamin dabbobi ma ka tuna masa, don yawancinsu da shanu da kaji suka saba.