Kaurin tsirkiya a jita mai tsirkiya 12 idan an sauke saiti

Jita mai tsirkiya 12 jita ce da aka jera tsirkiyoyinta biyu-biyu, layi 6, yatsa ɗaya na danne biyu lokaci guda. A layuka 4 masu kauri, wato E da A da D da G (haruffan sunayen sautuka ne), kowace tsirkiya tana da 'yar siririyar abokiya mai ba da irin sautinta amma a sama da oktaf ɗaya, wato sauti mai suna ɗaya amma mafi siranta, su kuwa layukan B da ƙaramar E tagwaye ne masu murya ɗaya. Kaurin tsirkiya da inci ake auna shi, shi ya sa za ka ga an rubuta .010 ko .047 a jikin fakiti. Sauke saiti kuma shi ne a sassauta dukkansu su sauko ƙasa da E, zuwa D ko C# ko C.

Tarihi

Ana saɓani kan asalinta, wasu su ce Meziko, wasu su ce Italiyawa masu sassaƙa jita a Amurka, wajajen ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ya tabbata shi ne makaɗan farko da suka yi suna da ita a ƙasa suke ɗaure ta. Lead Belly, mawaƙin Amurka wanda ya rasu a 1949, da jitar Stella yake kiɗa, ƙirar kamfanin Oscar Schmidt na jihar New Jersey, kuma saitinsa yakan sauko har wajajen C ko B da tsirkiyoyi masu kaurin gaske, ana cewa babbar ta kai kusan .070. Blind Willie McTell, wani mawaƙin Amurka, shi ma Stella ya riƙe, shi ma a ƙasa. Dalili biyu ne suka haɗu, wuyan waɗannan jitocin dogo ne, tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki ya haura inci 26, sannan babu sandar ƙarfen da ake juyawa a cikin wuya irin ta yanzu, to wanda ya ja su har E da wannan kaurin wuyan ne zai lanƙwashe ko jakin da ke riƙe tsirkiya ya ɗago daga jikin katako. Mawaƙi Pete Seeger ya ci gaba da wannan salo, daga baya makaɗi Leo Kottke, har kamfanin Taylor ya ƙera jita da sunansa wajajen 1990 wadda aka yi ta musamman don tsirkiya mai kauri a saitin C#.

Ɗaure ta a E ya yaɗu ne bayan da siraran tsirkiyoyi suka wadata, ga kuma ta lantarki irin Rickenbacker da George Harrison na ƙungiyar Beatles ya fito da ita a 1964. Gaskiya wancan gurnanin na da bai biyo ta ba.

Lissafin ja

Fakitin da aka fi sayarwa shi ne mara nauyi: .010 biyu, .014 biyu, sai .023 da .008, .030 da .012, .039 da .018, .047 da .027. A saitin E jan da yake yi wa jita ya haura kilo 110, alhali jita mai tsirkiya 6 wajajen kilo 70 take ɗauka. Firet su ne 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, kowane ɗaya matakin sauti ɗaya ne. Duk saukowar firet ɗaya tana rage jan da kusan kashi 11 cikin 100, firet 2 kusan kashi 21, firet 4 kusan kashi 37, kuma a nan ne tsirkiya ke yin laƙwas ta dinga dukan firet tana zizz, tagwayen ma suna karo da juna. Maganin shi ne a ƙara kauri, kusan kashi 6 cikin 100 a kowane firet. Wato mai .010 a E idan ya sauko D zai nemi .011, a C# sai .012, a C kuwa .013, manyan kuma su tashi daga .047 zuwa .052 ko .056. Da yawa ba sa ƙara komai a D, suna barin mara nauyin don yatsa ya huta, in za su bi mawaƙa sai su maƙala kafo, wato matsin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na 2.

Wanda ya sa fakitin .013 kuma ya ja shi har E, to ya shirya kai jitarsa wurin mai gyara.

'Yar siririyar G

Ita ce ta fi tsinkewa, domin .008 ce amma sautinta ya fi na ƙaramar E tsayi, 392 Hz (yawan karkarwa a daƙiƙa) a kan wajen 330. Da an sauke saiti sai ta samu sarari, a iya sa mata .009 ko .010.

Gyaran jiki

Tsirkiya mai kauri ba lallai ta zauna a tsagar ƙashin da ke saman wuya ba, sai an ɗan buɗa tsagar da fayil, in ba haka ba tana maƙalewa, kana murɗa kunne kana jin ƙas-ƙas saiti bai motsa ba. Sandar cikin wuya ma a duba ta bayan kwana biyu, a juya kaɗan-kaɗan.

A Jos da Abuja

Hunturu na busar da katako, fuskar jita ta ɗan lotsa tsirkiya ta matso kusa da firet, saboda haka jitar da aka sauke wa saiti da siraran tsirkiyoyi ta fi yin zizz daga Disamba zuwa Fabrairu, da damina kuma katakon ya kumbura tsirkiya ta ɗaga. Cikakken fakitin 12 bai kai na 6 saukin samu a shago ba, sai mai kiɗa ya haɗa daga fakiti biyu, manyan daga ɗaya, siraran daga wani, .008 ɗin kuma a samo ta daga fakitin jitar lantarki.