Waiwaye: daga ayarin Wangarawa zuwa wa'azin TikTok

Ana ta cewa wai duniya ta dunƙule, addinai sun shiga tsaka mai wuya. To mu Kanawa ai mun san addini ba yau ya fara tafiya ba. Musuluncin ma Wangarawa ne suka shigo mana da shi daga Mali zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili ya biyo baya lokacin Rumfa. A 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass wajen aikin hajji, tun daga nan Kaulaha ta Senegal, garin Shehun, ta zama kamar wata unguwa a Kano.

Abin da ya canza kawai sauri ne. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya Makka ta Chadi da Sudan, mutum ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, wasu ma can suka zauna jikokinsu na nan har yau, yanzu kuwa ka karya a Kano ka yi la'asar a Jidda. Jami'ar Madina ta buɗe a 1961 yaranmu suka tafi suka dawo da wani salon karatu, tafsirin Malam Abubakar Gumi ya shiga gidaje ta Rediyon Kaduna, Izala ta kafu a Jos a 1978, juyin Iran na 1979 shi ma guguwarsa ta iso nan, kuma duk kaset ne ya yi musu dako.

Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari ma haka. Katolika sun yi babban taro a Batikan daga 1962 zuwa 1965 suka yarda a yi ibada da harshen mutane ba lallai sai Latin ba, a 2013 kuma suka zaɓi Fafaroma ɗan Ajantina. Cocin Redeemed da aka fara a Legas a 1952 yanzu ita ke da rassa a Ingila da Amurka. Ba kullum ake wanyewa lafiya ba fa, manya ba su manta rikicin 1991 kan zuwan Bonnke, mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, ba, Allah ya kiyaye gaba.

Azumin 2020 da korona ta kulle gari, tafsiri ya koma rediyo da Facebook, wallahi an amfana. Amma abin da ke damuna, a da malamin zaure ya san ka ya san mahaifinka kafin ya ba ka fatawa. Jiya ɗan ƙanwata ya zo yana kafirta mutane da bidiyon minti ɗaya, na ce masa wane malami ne ya faɗa, ko sunansa bai sani ba.