Ma'anar "ceto abinci" da yadda rarar kantuna ke isa ga masu jin yunwa

Ana amfani da kalmar "ceto abinci" wajen nufin aikin karɓo abinci mai kyau wanda masu shi ke shirin zubarwa, a kai shi ga ƙungiyoyin agaji da ke ciyar da mabuƙata tun kafin ya lalace. Abincin da ake magana a kansa shi ne irin burodin da ya kwana ba a sayar ba, da kayan lambun da suka yi ɗan tabo har kanti ya ƙi jera su a gaban masu saye, da girkin da otal ya yi fiye da yawan baƙinsa, da madarar da ranar da aka rubuta a jikinta ta kusa cika. Kalmar "ceto" ta dace da aikin, domin tsakanin lokacin da mai kanti ya yanke shawarar cewa kaya ba za su sayu ba da lokacin da motar shara za ta kwashe su, sau da yawa sa'o'i kaɗan ne.

Mutane kan haɗa wannan aiki da na bankin abinci, alhali suna da bambanci. Bankin abinci, wanda John van Hengel ya fara kafawa a birnin Phoenix na Amurka a 1967, rumbu ne da ake tara kaya masu jure ajiya kamar shinkafa da abincin gwangwani, a riƙa rabawa a hankali. Ceto abinci kuwa aikin mota ne da sauri, domin yawancin abin da ake ɗaukowa ba ya jiran gobe, kuma akan kai shi inda za a dafa ko a raba shi a ranar. Ƙungiyar City Harvest, wadda aka kafa a New York a 1982, ita ake yawan ambata a matsayin ta farko da ta mayar da wannan aiki sana'a mai tsari, inda motocinta ke zagaya gidajen abinci da kasuwanni suna kwashe rara zuwa wuraren ciyar da marasa galihu. A Ostareliya ma, Ronni Kahn ta kafa OzHarvest a 2004 a kan irin wannan tafarki.

Abin da ya daɗe yana hana 'yan kasuwa bayar da rararsu ba rowa ba ce kawai, akwai tsoron shari'a, domin mai gidan abinci yakan ga gara ya zubar da kaya da a ce wani ya ci ya yi rashin lafiya ya kai shi kotu. Amurka ta magance wannan da dokar da ke ɗauke da sunan ɗan majalisa Bill Emerson, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, kuma tana kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya matuƙar bai yi mummunan sakaci ba. Faransa ta bi hanya mafi tsauri a 2016, inda ta wajabta wa kantunan da girmansu ya wuce murabba'in mita 400 su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji, ta kuma haramta ɓata abincin da ake iya ci da gangan, domin a da wasu kantunan kan zuba masa sinadarin wanki don kada kowa ya tsince shi a bola. A ganina dokar Faransa ta fi kama gaskiyar lamarin, tunda cire tsoro kaɗai ba ya sa wanda zubarwa ta fi masa sauƙi ya canza hali.

Ga mai karatu Bahaushe, wanda ya saba ganin ragowar tuwon dare tana shiga kwanon almajiri, tunanin ba baƙo ba ne. Abin da ya bambanta shi ne yawan kayan da kuma kula da sanyi da tsafta a kan hanya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, wato kimanin tan biliyan 1.3 a shekara, yana salwanta ko a zubar da shi, kuma irin wannan yawa ya fi ƙarfin sadakar ƙofar gida.

Sai dai nauyin aikin yakan faɗa wa ƙungiyoyin agajin ne. Kanti yana hutawa da kuɗin kwashe shara, ita kuwa ƙungiyar sai ta nemi mota mai sanyi da man da za ta sha, da direba, da masu aikin sa-kai da za su tantance abin da ake iya ci, sannan ba ta da zaɓin abin da za a ba ta, ta yadda wata rana za ta dawo da burodi cike da mota alhali masu girkinta nama da kayan miya suke jira.