Ma'anar "Rimiks" a Duniyar Marubutan Intanet: Sake Saƙa Labarin da Wani Ya Riga Ya Rubuta

Mafi yawanmu mun fara jin kalmar "rimiks" ne a fagen waƙa, inda ake ɗaukar waƙar da ta riga ta fito a sauya mata kiɗa ko a ƙara mata wata murya. Kalmar tana da wata ma'ana ta daban a tsakanin marubutan intanet, kuma na lura cewa wasu daga cikin matasanmu da ke rubutu a waya, daga Samaru har cikin birnin Zazzau, suna furta ta ba tare da sun rarrabe ta da satar fasaha ba, alhali tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Kafin a fahimci rimiks sai an san abin da ake kira "fanfik". Fanfik shi ne labarin da mai sha'awar wani fim, ko littafi, ko shiri mai dogon zango yake ƙagawa da kansa, ta hanyar aron jaruman cikinsa da duniyar da suke rayuwa a ciki, don ya kai su inda mai asalin labarin bai kai su ba. A Amurka an riƙa buga irin waɗannan labarai a ƙananan mujallun magoya baya tun shekarun 1960, sannan intanet ta buɗe musu ƙofa: FanFiction.net ya fara aiki a 1998, Wattpad ya biyo baya daga Kanada a 2006, shi kuwa Archive of Our Own aka buɗe shi ga jama'a a 2009. To, rimiks mataki ne na gaba da wannan. Marubuci ne zai ɗauki fanfik ɗin da wani marubucin ya riga ya kammala, ya sake ba da labarin da irin nasa salon, da sanin mai shi, tare da ambaton sunansa. Aro ne a kan aro, shi ya sa ladabinsa ya fi tsauri.

Tun farkon shekarun 2000 marubutan fanfik na ƙasashen waje suke shirya musaya a kan wannan. Kowa zai sa sunansa, a haɗa shi da wani marubucin, ya shiga cikin labaransa ya zaɓi guda ya sake saƙa shi, shi ma wani yana can yana yi wa nasa. A irin wannan musaya akan bar kowane marubuci ya keɓe labari ɗaya da ba ya so a taɓa, kuma ba a cika yarda a taɓa labarin da ba a gama ba.

Wanda ya tashi a Zariya bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin malamanmu sun daɗe da sanin tahmisi. A tahmisi, sha'iri yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a gaba, baitin ya koma mai ƙwar biyar, kuma ɗangon mai asali su ne ke rufe shi. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu lokacin Maulidi haka take: waƙar Alfazazi ce, Ibnu Muhibu ya yi mata tahmisi, kuma sunayensu biyu suna tafe tare har yau. Ban kawo wannan don in daidaita darajar yabon Annabi da labarin nishaɗi ba. Dabarar aikin kawai nake nunawa, wato a bar aikin na farko a fili yadda kowa zai gane shi, na biyu kuma ya zo da abin da a da babu shi. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane rimiks da shi.

Hanyar da ta fi kowace albarka, a ganina, ita ce sauya bakin da ke ba da labarin. Ƙanwata da ke karatu a Samaru ta taɓa nuna mini misali a wayarta. Wata marubuciya ta ari jaruman wani shiri mai dogon zango ta rubuta daren kai amarya, daga bakin amaryar. A can uwargida ta fito a matsayin mai baƙin kishi, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ki shigo, gidanki ne," amarya kuma ta ji maganar a matsayin gatse. Da ƙanwata ta sake rubuta labarin, ba ta sauya ko da abu ɗaya daga abin da ya faru ba, sai dai ta mayar da shi bakin uwargidan. Muka gan ta da asuba tana goge babbar rigar da angon zai sa saboda a lokacin aka kawo wuta, muka gan ta tana ƙirga kulolin abincin da za a kai wa dangin amarya, tana hana 'yarta kuka a bayan labule, kuma tun azahar take maimaita waɗannan kalmomi huɗu a zuciyarta don kada muryarta ta yi rawa in lokaci ya yi. Da ta furta su a bakin ƙofa, kalmomin ba su canza ba, amma nauyinsu ya canza gaba ɗaya. Wanda ya karanta na biyu dole ya koma na farko da sabon ido, kuma a nan ne marubuciyar farko ta ci ribar aron da aka yi mata.

Kusa da wannan akwai faɗaɗa abin da aka wuce da sauri. Sau da yawa marubuci yakan ce "bayan wata uku" ya tsallake, mai rimiks kuwa sai ya zauna cikin waɗannan watanni ukun ya gina labarinsa duka. Wani kuma sigar yake sauyawa, ya mayar da zube wasiƙu, ko saƙonnin waya tsakanin mutum biyu, ko ya fara daga ƙarshe yana komowa baya. Akwai mai ɗauke labarin daga wurinsa da zamaninsa, ya dawo da shi, a misali, gidan haya a Tudun Wada ko layin 'yan atamfa a kasuwar Sabon Gari. Wannan ma yana da tushe a garin nan, domin a Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, inda ya ɗauko labarai da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya ya sa musu rigar Hausa har suka zama 'yan gida. Sharaɗin wannan hanya shi ne sabon wurin ya tilasta wa jaruman yin wani abu daban. Idan sunan gari kawai aka canza, ba a yi komai ba.

Hanyar da nake ɗari-ɗari da ita ita ce sauya ƙarshen labari. Ba laifi ba ce a kan kanta, amma galibi mai yin ta yana shigowa ne da niyyar gyara, kamar yana cewa mai labarin ya yi kuskure da ya kashe wane ko ya raba wane da wance. Rubutun da aka yi da wannan niyya yakan fito da ƙanshin raini, kuma mai asali yakan ji shi tun daga shafin farko.

Abin da ba ya shiga ma'anar kalmar ko kaɗan shi ne a kwafe labari, a mayar da Zainab Zulaihatu, a goge sunan mai shi, a watsa a zaurukan WhatsApp. Wannan sata ce, kuma ta fi ciwo a wurinmu saboda marubuta Hausa da yawa da kuɗin karatun da masu bibiya ke biya suke sayen data har ma da cefane. Al'adar fanfik ta ginu ne a kan cewa ba a sayar da shi, tunda jaruman na wani ne, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar ikon juya aiki zuwa wata siga a hannun mai shi. Shi ya sa neman izini yake gaba da komai. A Archive of Our Own akwai gurbin da mai rimiks zai nuna labarin da ya ɗauko, kuma mahaɗin da ke kai mai karatu ga rimiks ɗin ba ya bayyana a shafin labarin farko sai mai shi ya amince. Wasu marubutan ma sukan rubuta a shafinsu cewa sun yarje wa kowa, muddin za a ambace su.

Mu da mafi yawan rubutunmu ke yawo a WhatsApp da Facebook ba mu da wannan gurbi, saboda haka sai an yi da baki. Saƙon da ƙanwata ta aika gajere ne: "Anti, barka da yamma. Labarinki na daren kai amarya ya tsaya mini a rai, ina so in rubuta shi daga ɓangaren uwargida, zan sa sunanki a sama, kuma ba zan saki ba sai kin gani." Kwana biyu ba amsa, ita kuma ba ta saki ba. A rana ta uku amsa ta zo cewa marubuciyar ta yarda, da sharaɗi guda, kada a sa uwargidan ta nemi saki, domin tana da shiri a kanta a kashi na biyu.