Shekara biyu a waje, aji nawa a gida? Yadda dokar canza jami'a take aiki

Wani maƙwabcinmu a nan Tawa ya iske ni bayan La'asar da jakar leda cike da takardu. Ɗansa ya yi shekara biyu yana karatun tattalin arziki a wata makarantar kuɗi a ƙasashen gaɓar teku, ƙarfin aljihu ya gaza, yaro ya dawo gida. Ya ce, "Malam, shekara biyu fa ya yi. Ai sai ya shiga ta uku a nan jami'armu, ko ba haka ba?" Na dudduba takardun. Ga rasit na biyan kuɗi, ga katin ɗalibi mai hoto, har da wata takardar yabo. Wadda nake nema ce babu: takardar maki, wato relebe, mai nuna darussan da ya ci da nauyin kowanne. Na ce, "Alhaji, jami'a ba ta ƙirga shekarun da yaro ya zauna a benci. Abin da ya ci take ƙirgawa."

Wannan magana ita ce gindin dokar gaba ɗaya, kuma rashin saninta ya sa gidaje da yawa asarar dukiya da shekarun ƴaƴansu.

A shekarar 2007 ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, masu amfani da sefa, suka amince da tsarin karatu guda da ake kira LMD: lisansi shekara uku, mastar shekara biyu, doktora shekara uku. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Jibo Hamani da ke nan Tawa duk a kansa suke tafiya. An raba shekara zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30. Shekara 60 ke nan, lisansi 180, mastar ƙarin 120. Kiredi ba maki ba ne. Awo ne na yawan aikin da darasi ke ci, da sa'o'in aji da na bitar da ɗalibi zai yi shi kaɗai, kamar yadda ake auna gero da tiya. Maki kuma shi ke cewa an ci ko an faɗi: wanda ya samu 10 bisa 20 a rukunin darussa ya mallaki kiredin rukunin. Tsarin ya ce abin da ka mallaka naka ne, ba ya ruɓewa, kuma kana iya ɗaukarsa zuwa wata jami'a. Dalilin ƙirƙiro shi ma ke nan, don ɗalibi ya iya motsawa.

To amma izinin ɗauka daban, tilasta wa wani ya karɓa daban. Jami'ar da za ka shiga ita ke da ta cewa. Kwamitin malaman tsangayar ne ke zama, su ajiye abin da ka karanta gefe da abin da ɗalibansu suka karanta, su gwada. Idan ka zo da kiredi 120 na lissafin kuɗi kana neman shekara ta uku a shari'a, ba za su ga komai a hannunka ba, domin ba ka taɓa zama darasin dokar tsarin mulki ba. Ko fannin ɗaya ne, suna iya cewa darasi kaza da kaza babu su a makarantar da ka baro, sai ka rama. Shi ya sa relebe kaɗai ba ta isa. Ana son manhajar darussan, wadda ta faɗi abin da aka koyar a cikin kowanne da sa'o'insa. Yawancin yara ba su san akwai wannan takarda ba sai sun dawo gida, an ce su kawo.

Akwai wani tarko da nake so ɗalibai su gane. Tsarin ya yarda darasin da ka yi ƙarfi a cikinsa ya goya wanda ka yi rauni, har jimillar zango ta kai 10 ka wuce. A makarantarka ka wuce lafiya. Amma kwamitin wata jami'a zai ga 6 bisa 20 a lissafi ƙuru-ƙuru a kan takarda, kuma idan neman gurbi ya yi yawa, wanda ba shi da irin wannan tabo shi za a ɗauka.

Kafin ma a kai ga kiredi, akwai tambayar da ta fi kowace zafi: ita makarantar da ka baro, wa ya san da ita? Dole gwamnatin ƙasar da take ciki ta ba ta izini. Bayan haka akwai CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A Yamai aka aza harsashinta a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu, kuma ita ke tantance difloma don ƙasashen su yarda da na juna. Abin lura shi ne, CAMES difloma take tantancewa ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta dunƙule ba. Makaranta tana iya rubuta sunan CAMES ɓaro-ɓaro a allon ƙofarta saboda lisansinta guda ya samu shiga, alhali fannin da ɗanka ke yi bai samu ba. Uba ya tambayi sunan diflomar takamaimai kafin ya sayar da bijiminsa. Wanda ke ganin wannan tsanani ne, ya tuna watan Janairun 2024, lokacin da Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Masu gaskiya da marasa gaskiya duk wutar ta lashe su tare.

Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Ba a shiga jami'ar gwamnati ba tare da bak ko abin da ya yi daidai da ita ba, ko da mutum ya yi shekara nawa a wata jami'a. Wanda ya gama sakandare a Najeriya da WAEC ko NECO, ko ya riƙe shahadar sanawiyya daga ƙasashen Larabawa, sai ya nemi takardar daidaito, wadda muke ce wa ekibalans, a ofishin OBEECS da ke Yamai, mai kula da jarrabawar bak. Yaranmu da yaƙin Sudan ya koro tun watan Afrilun 2023 sun ɗanɗani ɗacin wannan. Wasu sun fito ba su ɗauko ko takarda guda ba, makarantun kuma a rufe. Ba laifinsu ba ne, kuma ina ganin ya kamata kwamitocinmu su buɗe musu hanyar gwaji ko jarrabawar auna sani maimakon mayar da su shekarar farko kai tsaye. Sauran kuwa da ke karatu a waje cikin lumana, ƙarshen kowane zango su karɓi relebensu, su ɗauki hotonta, su aika gida.

Wani haƙƙi da mutane kaɗan suka sani: tun 2005 UEMOA ta yanke cewa ɗalibin kowace ƙasa cikin takwas ɗin, idan ya je jami'ar gwamnati ta wata ƙasar ƙungiyar, a yi masa sharuɗɗan shiga da kuɗin rajista irin na ɗan ƙasa. Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA. Ɗan Tawa da ya je Dakar ko Lome ko Wagadugu yana da hujjar da zai tsaya a kanta, haka ɗan Mali ko Burkina da ya zo wurinmu.

Masu son fita fa? Najeriya ta fi kusa, daga Konni a tsallaka Illela sai Sakkwato. Can digiri shekara huɗu ne a yawancin fannoni, kuma ƙofar shiga aji na biyu ta hannun JAMB take, hukumar da ke kula da shiga jami'o'insu. Suna neman darussa biyar na sakandare da aka ci da kyau, ciki har da Ingilishi da lissafi, kuma su ma kiredi suke ce wa wannan sakamako, don haka kada sunan ya rikita ka, ba irin namu ba ne. Takardun waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance su. Ingilishin nan shi ke tsayar da mafi yawan yaranmu, ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba.

Faransa awonta ɗaya da namu, kiredi 60 a shekara, don haka a takarda ita ta fi sauƙin karantawa. Mai neman shekarar farko hanyarsa daban da mai neman ta biyu ko ta uku, wanda jami'a ke duba dosiyensa kai tsaye. Amma a 2019 an ɗora wa waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista, a lokacin Yuro 2,770 a lisansi da 3,770 a mastar, aka kuma bar wa jami'ar da ta ga dama ta yafe, kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Samun gurbi bai zama samun biza ba. Amurka kuwa digirinta kiredi kusan 120 ne a shekara huɗu, biyu namu suke ɗauka a matsayin ɗaya nasu, da jarrabawar Ingilishi, da shaidar kuɗin da za ka ci da kanka, kuma manyan jami'o'insu ƴan ƙalilan suke ɗauka daga masu canjin makaranta.

Idan aka tambaye ni wa ke da rabo mai ƙarfi, zan ce wanda ya kammala shekara cif ba bashin darasi, yana neman fannin da ya faro, makinsa ya kai 12 ko sama, makarantarsa kuma sananniya ce. Wanda ya tashi a tsakiyar shekara shi ya fi kowa asara. Likitanci ya fi ko'ina ƙunci, domin gurabensa ƙididdigaggu ne. Shawarar da nake ba duk wanda ba tilas ta kore shi ba ita ce ya daure ya ƙarasa lisansinsa, ya canza wuri a bakin mastar. A nan difloma ce cikakkiya a hannunsa, ba gutsattsarin kiredi ba, kuma yawancin tallafin karatu masu fara mataki ake ba, ba masu faɗowa tsakiya ba. Mai cin bursun gwamnati kuma ya je ANAB, hukumar da ke ba da bursun, ya tambaya kafin ya canza fanni ko ƙasa, kada ya wayi gari an yanke masa.

Alhaji ya yi shiru ya ce, "To yanzu ina mafita?" Na kira yaron na ce ya kawo ambulan. A bayanta na rubuta masa abin da zai koma ya karɓo: relebe na zangon nan huɗu da hatimi da sa hannu, manhajar darussa, shaidar izinin makarantar, da takardar da ke nuna ba korarsa aka yi ba. Na ce ya yi kwafinsu ya kai a buga masa hatimin tabbatarwa, asalin kuma kada ya bar wa kowa a ofis. Ranar Laraba da asuba uban ya raka shi tasha.