Maɗaukin sautin gitar lantarki da zaɓensa don murya mai kaifi

Maɗaukin sauti, wanda makaɗan Garwa, Marwa da Njamena suka fi kira mikro, shi ne 'yar na'urar da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar lantarki. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai 'yar wuta ta taso cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, can ta koma sauti. Motsin ƙarfe kaɗai yake ji, shi ya sa tsirkiyar nailan ba ta tayar masa da komai.

Gitar farko mai wannan na'ura ta shiga kasuwa a Amurka a 1932, aikin George Beauchamp da kamfanin da ya zama Rickenbacker. Amma idan makaɗi ya ce yana son muryar zamanin da, ta shekarun 1950 yake nufi, wato ta gitocin Telecaster da Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954. Dukansu mikro mai naɗi ɗaya ne da su. Murya ce tsarkakakkiya, siririya, mai tashi tar kamar kuntigi a hannun gwani. Ita ce kuma kiɗan wannan yanki ke bukata. Rumbar Kwango da makosa da ake bugawa a wuraren biki da majami'u daga Gaundare har Kusuri suna son mai gitar gaba ya hau can saman wuya, kowace tsirkiya ta fito daban a tsakiyar ganguna. Idan mikro ya cika kauri, duk wannan saƙa sai ta cakuɗe.

Asalin kaifi yana cikin yawan naɗi. Gwargwadon yadda aka ƙara waya, ƙarfin fita ya ƙaru, saman murya kuma ya dusashe. Kowane mikro yana da inda muryarsa ta fi tashi, galibi tsakanin hez 2,000 da 5,000 (hez shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), kuma yawan naɗi yana janyo wannan wuri ƙasa. Na tsohuwar Stratocaster an naɗe shi kusan sau 8,000, idan aka ɗora masa mitar awon lantarki yana nuna wajen kilo-om 6, wato ma'aunin turjiyar wayar. Mikron Super Distortion na kamfanin DiMarzio, wanda ya fito a 1972, ya haura kilo-om 13, domin an yi shi ne ya tura amfilifaya har muryarta ta fashe. Mai neman tsabta ba shi da rabo a can, komai kyan kwalinsa. Sai dai lambar mita ba ta gama magana: kwatancin yana aiki ne kawai idan kaurin wayar ɗaya ne, kuma zafi yana ɗaga lambar. A bazarar Njamena, da zafi ke wuce digiri 40, mikro zai iya nuna kusan kashi 8 cikin 100 sama da abin da aka rubuta masa, alhali lafiyarsa ƙalau.

Maganaɗisun da ake kira alniko haɗin aluminiyam ne da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. Alniko 5 ya fi ƙarfi da cizo, alniko 2 ya fi laushi, alniko 3 kuma ya fi su rauni. Yawancin gitoci masu araha da ke shigowa kasuwanninmu suna da sandar maganaɗisun siramik a ƙasa da ƙusoshin ƙarfe a sama. Ba laifin siramik ba ne shi kaɗai, ƙusoshin da yawan naɗin ne ke sa su yi kaushi.

Naɗi ɗaya yana da farashinsa, wato ƙugi. Yana kwaso ƙugin wutar gida, wadda a Kamaru da Chadi hez 50 ce, kuma abin ya fi muni inda ake kiɗa da janareta, ko soket ba shi da wayar ƙasa, ko akwai cajar waya kusa. Don maganin wannan ne Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mikro mai naɗi biyu, hambaka, wanda ya hau gitocinsu a 1957: naɗin biyu suna gaba da juna, sai ƙugin ya kashe kansa. Amma ya tafi da wani ɓangare na kaifin. Wanda gitarsa ke da ramin hambaka bai rasa mafita ba, domin mikron Filter'Tron da Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch a wancan zamani naɗinsa kaɗan ne, yana da haske ba ƙugi, kuma yanzu ana yin irinsa daidai girman ramin. A Stratocaster kuwa, mai mikro uku, in an juya naɗi da maganaɗisun mikron tsakiya, matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen mikro sukan yi shiru, kuma a nan ne muryar da masu rumba ke so ta fi daɗi.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane a banza shi ne sayen sabon mikro alhali ɓarawon kaifin yana wani wuri. Maɓallin ƙara na kilo-om 250 shi aka saba haɗawa da naɗi ɗaya, na 500 da hambaka. Idan aka sa wa hambaka na 250, muryarsa sai ta rufe. Doguwar waya mai arha, musamman in ta wuce mita 6, tana shanye saman murya kafin ta isa amfilifaya. Tsirkiyar da gumi da ƙurar hunturu suka zauna mata ba mikron da zai farfaɗo da ita. Tsawon mikro ma ana gyara shi da sukudireba kawai: a danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3. In ya matso da yawa, maganaɗisun zai riƙe tsirkiyar, muryarta ta riƙa rangaji. Na kusa da jaki ya fi kaifi, na kusa da wuya ya fi zagaye, kuma sau da yawa sauke na wuyan kaɗan ya isa.

Idan duk an duba waɗannan kuma har yanzu murya na da nauyi, to canji ya wajaba. Aikin liƙa wayoyi biyu ne da dalma, kowane ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya, muddin an nuna masa wace ce ta ƙasa, kuma bai bar zafin ƙarfen ya taɓa siririyar wayar naɗin ba.